Guzurin yini ɗaya a bakin tafkin Bosomtwe

Shekara uku ina yi wa yara alkawarin za mu je tafki. Duk Sallah sai in ce bana in Allah ya yarda, Sallah ta wuce, kasuwa ta buɗe, magana ta bi iska. Wanda yake zaune a Kumasi ya san Bosomtwe ba wani nisa gare shi ba, kilomita 30 ne da 'yan kai daga cikin gari. Amma ɗan kasuwa da cinikin da zai wuce shi yake auna nisa. Maigidana albasa yake saukewa daga Galmi, ni kuma ina da ɗan teburin atamfa da mayafai a wajen Kejetia. A rufe wuri biyu rana ɗaya don kawai a je kallon ruwa, magana ce da ko faɗarta a gaban abokan sana'a sai an yi maka dariya.

Abin da ya sa muka je a ƙarshe, Hajiya ce, mahaifiyar maigida. Ta zo daga gida gab da babbar Sallar da ta wuce, ta sha doguwar hanyar nan ta Burkina, ta Paga, ta Tamale, ta iso Aboabo ƙafafu a kumbure. Dalilin da aka faɗa, za a duba mata ido, ta kuma yi Sallah da jikoki. Ranar da ta sauka, 'yar farina (ku yi mini uzuri, ba na kama sunanta) ta shigo da gudu tana murna, ta ce, "Mama, Hajiya ya zo!" Hajiya tana bakin ƙofa, ta ji. Ba ta ce komai ba, ta dai dubi ɗanta.

Ku da kuke renon yara a zango kun san wannan. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne, rabin zancen Asantanci ne, sauran Turancin makaranta. Mu mun saba har ba ma ji. Kunnen da ya taso daga gida shi yake jin abin kamar an soka masa tsinke. Kwana huɗu bayan nan Hajiya ta kira ɗanta ɗaki ta ce in za ta koma, kishiyarta za ta bi ta. Haka take kiran yarinyar tun tana cikin zane.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurina. Ni kaina a hannun gwaggona na girma a Konni, kuma ban taɓa cewa an cuce ni ba. Sai dai yarinyar nan shekararta goma sha biyar, saura mata shekara ɗaya ta rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare, kuma tun 2017 babbar sakandaren gwamnati kyauta ce a Gana. Da Turancin Ingilishi ta yi karatunta kaf. In ta je can, lakwal da Faransanci take, ba aji ɗaya da za a ce ta shiga ta ci gaba. Na kuma san abin da yake samun budurwa mai shekara sha biyar da take zaune a gida ba karatu: kafin damina biyu wani ya aiko da goro. Na faɗa wa maigida wannan da dare, a hankali, don ɗakin Hajiya bango ɗaya ne ya raba mu. Ya yi shiru, can ya ce, "Uwata ce. Me kike so in ce mata?" Washegari ya dawo da sabuwar jaka, irin mai zanen dara ɗin nan, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Jakar nan tana ba ni mamaki. 'Yan uwanmu na Najeriya suna kiranta Gana-mas-go tun 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, mutanen Gana suka yi ta cusa kayansu a cikinta. Tsofaffin zango kuwa, in ka ambaci wannan, sai su tuna maka 1969, lokacin Busia, da aka ba baƙi mako biyu su bar Gana, Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa suka sayar da abin da ya sayu suka hau manyan motoci. Kowane ɓangare da nasa labarin kora. Mu dai da muke tsakani, ba gidan da ba shi da irin jakar nan biyu ko uku a ninke bayan ƙofa.

To, ni na ce a je tafki. Na ce wa maigida in dai yarinya za ta tafi, ba za ta tafi da alkawarina a wuyana ba. Bai yi musu ba, ina jin shi ma yana neman abin da zai yi. Muka sa rana ta huɗu bayan Sallah, ranar aiki, don an gaya mini ranakun hutu bakin ruwan cika yake da samari da kiɗa, ba wurin da za ka shimfiɗa wa tsohuwa tabarma.

In faɗi gaskiya, akwai wata manufa a raina da ban gaya wa kowa ba. Surukata ce, ba zan iya zama gabanta in ce ban yarda ba. Sai na ƙudurta zan yi maganar da kaya. In shirya tafiyar nan yadda za ta ga jikokinta ba a yashe suke ba, gidan ɗanta yana da mai riƙe shi, yarinya tana da abin koyo a nan ma. Mace ta san irin wannan magana. Shi ya sa na yi shiri kamar na kai amarya.

Ruwa na fara da shi, kuma shi kaɗai ne abin da har yau nake yaba wa kaina. Kwana biyu kafin tafiya na sayi jaka uku ta fiya-wata na jera a firizar maƙwabciya, mai sayar da ƙanƙara. Kwana biyu, ba ɗaya ba, saboda in aka ɗauke wuta dare guda sai ki tarar da rabin ruwa rabin ƙanƙara. Wanda ya daskare sosai aiki biyu yake yi: da safe shi ne ƙanƙarar da take riƙe zoɓo da sanyi a cikin kula, da rana in ya narke shi ne ruwan sha. Zoɓon ma, da nan ake kira sobolo, na zuba shi a robobi ban cika su ba, don abin da ya daskare kumbura yake, cikakkiyar roba fashewa take. Fura da nono na so in ɗauka saboda Hajiya, maƙwabciyar ta hana ni. Ta ce in ta sha zafin mota ta yi tsami, murfin gora sai ya yi tsalle. Na ji maganarta.

Inda ban ji maganar kowa ba shi ne abinci. Asuba ta fari na tashi na dafa farar shinkafa babbar tukunya, na yi miyar tumatir da naman layya, mai ya taso a kai ja wur, na juye a bokitin roba mai murfi. Na dafa ƙwai. Na yanka latas da kabeji da karas. Na soya dankali. Na ɗauko farantan tangaran na cikin kabad, waɗanda ba a taɓa sai baƙo na musamman, na naɗe kowanne da tsumma. Na sa ƙaramin murhun gas da butar shayi da kofunan gilashi, wai ko maigida zai so shayi a bakin ruwa. Shito kuwa, da yara ba sa cin shinkafa sai da shi, na bar shi a gida da gangan, don Hajiya ta ce ƙarninsa yana tayar mata da zuciya.

Sai kayan da ba na ci ba. Tabarmin roba uku, sallaya huɗu, buta biyu. Kayan canji na kowane yaro, da tsofaffin silifas saboda duwatsu. Igiyar shanya da zannuwa biyu masu kauri, don in an ɗaura tsakanin itace biyu an sami wurin da 'ya mace za ta canza kaya. Sabulu, ledoji manya na jiƙaƙƙun kaya da na shara, farasitamol, gishirin zawo, auduga da filasta. Maganin hawan jinin Hajiya ban sa shi cikin kaya ba, a jakar hannuna na sa shi, tare da canji ƙanana, don mai soya kifi a ƙauye ba za ta fasa maka babbar takarda ba. Maigida abu ɗaya ya kawo: tsohon tamfol da suke rufe buhunan albasa da shi. Na ce wannan abin mai warin ba zai shiga mota ɗaya da farantaina ba. Ya ce damina ce. Ya ninke abinsa ya ba direba ya ɗaure a sama.

Mu takwas ne a lissafina: ni, maigida, Hajiya, yara huɗu, da ƙanin maigida da yake taya shi a kasuwa. Amma a gidan haya na zango ba a ɗaure kaya a ɓoye. Tun dare yaran tsakar gida suka ga kula a ƙofa. Da gari ya waye ga uku sun yi wanka sun sa kayan Sallah sun tsaya jikin mota, ba wanda ya gayyace su, ba kuma wanda zai iya korarsu. Uwar biyu daga ciki ta fito tana ba da haƙuri, aka ce ta shigo ita ma, ta shigo da na goye. Muka zama goma sha uku. Shawarata ga mai shirin irin wannan fita: ki ƙirga mutanen gidanki, ki ƙara rabinsu a kai, sannan ki auna shinkafa.

Hajiya ta fito ta tarar da tsibin kaya a tsakar gida. Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, mi za a yi da wanga kaya duka? Yini guda na hwa, ba hijira ba." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita nata guzurin a ƙullin zane ɗaya yake, ta riƙe shi a cinya: gwangwanin madara cike da soyayyen naman layya da mansa, garin ƙuli-ƙuli da yaji, garin rogo kamar rabin tiya, albasa uku, dabino, da goro a jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce marigayi mijinta da abin da bai kai wannan ba yake zuwa har Gonja ya dawo. Guzurin fatake ke nan tun zamanin da ayarin jakuna yake sauka Salaga ɗaukar goro: busasshe, mai maiƙo, mai gishiri, wanda rana ba ta yi masa komai. A raina na ce wannan zamani ya wuce.

Trotro muka yi shata. Muka bi ta Atonsu, muka wuce Kuntanase, daga nan hanya ta fara hawa. Tafkin a cikin wani ƙaton kwari yake, tuddai sun kewaye shi, sai ka hau bakin sannan ka gangara. Daga sama za ka fara hango shi ta tsakanin itatuwa, zagayayye kamar an ajiye faranti, yara suka ɗau ihu. Gangarar kuwa duk kwana ce. A kwana ta uku ko ta huɗu wata akuya ta gitta, direba ya taka birki, na ji wani abu ya ce ƙwal a baya. Kafin kowa ya yi magana ƙamshin miyata ya cika mota.

Ƙanin maigida ne ya yi lodi. Ya ɗora bokitin miya a kan jakar tabarmi da sallaya, wai don ya zauna a kan abu mai laushi. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Ni na zuba miya da zafinta na danne murfi, tururi ya sassauta shi, kuma ban ɗaure bakin da leda da tsumma ba yadda uwata take yi. Da muka tsaya a Abono aka buɗe baya, miya ta bi sallaya huɗun nan, ta ratsa kayan canjin yara, ta taru a gindin jaka. Abin da ya rage a bokiti bai fi ludayi uku ba. Naman, yara maza suka tsince shi daga kan tabarma kafin in buɗe baki.

Ina tsaye ina jin kunya tana hawa mini tun daga ƙafa, sai na ji kuka. 'Yar farina ce. Tun ranar da aka gaya mata za ta bi kakarta ba ta yi hawaye a gaban kowa ba, ta dai rage magana. Ashe ta ɓoye littafinta na tsofaffin tambayoyin jarrabawa a tsakanin sallaya, don babanta ya ce yau ba karatu. Da kuɗin da take tarawa na taya ni jiran tebur ranar Asabar ta saye shi. Ta ɗago shi yana ɗigar mai. Ta durƙusa a gefen mota tana kuka irin wanda ba na littafi kaɗai ba ne, kowa ya sani, ba wanda ya ce komai. Ni ma ban iya zuwa wurinta ba. 'Yar fari ce, ga uwar miji a tsaye.

Hajiya ce ta ce, "Kawo nan, kishiya." Ta sa aka shimfiɗa mata tamfol ɗin albasa a gindin wata itaciya, ta zauna, ta kwance ƙullinta. Ta share miyar da gefen zane, sannan ta riƙa buɗe littafin shafi shafi tana barbaɗa garin rogo tana dannawa da tafin hannu. Gari yana shan mai. In ya yi ja ta kakkaɓe ta sa sabo. Ba ta san harafi ɗaya na boko ba, idonta ma ɗaya ne yake gani sosai, amma ta fi rabin awa a kan aikin nan, rabin garinta ya tafi a ciki. Da ta gama ta buɗe shi a rana ta danne da duwatsu biyu. Rubutun yana karantuwa, takardar dai ta zama kamar ta mai ƙosai.

Tana cikin yi ta tambayi yarinyar ko akwai labarin ruwan nan a ciki. Ta ce ba a wannan ba, amma an koya musu. Ta share hanci ta fara, da Hausarta ta zango, ni kuma ina kwashe kaya ina kasa kunne. Ta ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin, ruwan sama ya cika shi. Faɗinsa wajen kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80. Ba kogin da yake fita daga cikinsa. Shi kaɗai ne tafkin da ba mutum ya yi ba a Gana, don Volta da ake ji madatsar Akosombo ce ta tara shi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyayewa. Hajiya ta ce ita tafkin Tabalak ta sani, shi kuwa da rani ja da baya yake yi har a yi noma a bakinsa. Batun shekara miliyan kuwa, ta ce wa ya ƙirga? Yarinyar ta yi dariya, karo na farko a mako guda.

Sai ta nuna mata masunta. Wannan ni ma ban taɓa gani ba. Ba kwalekwale suke shiga ba, wani falankin itace ne mai kauri da suke kira padua, mutum ya hau kansa ya zauna, ƙafafu a ruwa, yana tuƙi da hannu ko da sakaina. A al'adar Asante wurin mai tsarki ne, ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan, ko da yake yanzu akwai jirgi mai inji da yake zagayawa da baƙi. Sunan ma daga nan ya fito: suna ba da labarin wani maharbi da ya biyo gadar da ya harba, ta shige ruwan ta ɓace, gada kuwa otwe suke ce mata. Sun kuma yi imani rayukan matattunsu nan suke zuwa sallama. Da Hajiya ta ji wannan ta janye ƙafarta. Lokacin azahar ta ce ita ba za ta yi alwala da shi ba. Maigida ya ce, "Hajiya, ruwa na Allah ne." Ta ce ta sani, a dai ba ta na leda. Aka fasa mata fiya-wata uku a buta. A kan tamfol ɗin da na raina muka yi salla, sahu biyu, goshinmu yana warin albasar Galmi.

Abinci fa? Ga shinkafa fara tukunya guda, ba miya, ba shito, mutum goma sha uku. Latas ya yi laushi ya kwanta tun a mota. Hajiya ta buɗe gwangwaninta, ta tsiyaye man naman a kan shinkafar, ta barbaɗa yajin ƙuli, ta ce a yanka albasa. Nan na gane ban zo da wuƙa ba. Na zo da kofunan gilashi shida, na zo da murhun gas, ban zo da wuƙa ba. Aka aiki 'yar fari wurin matan da suke soya kifi a bakin ruwa ta aro, Hajiya ta ce ta jira ta, za ta ga kifin da idonta.

Ina hango su daga nesa. Ƙananan karfasa ne na tafkin, ana soya su ƙayau har ƙaya ana ci. Mai kifin ta ga baƙi da shatar mota ta faɗi kuɗin baƙi. Yarinyar ta amsa mata da Asantanci, ta riƙe ƙugu, suka yi ta ja, matan gefe suna dariya suna tafawa. Hajiya tana ta taɓa ta tana cewa, "Mi ta ce? Mi kika ce mata?" Suka dawo da kifi cike da leda, da gyara a kai, da wuƙa. Hajiya ta zauna ta ce wa ɗanta, ba ni ba, "Wagga ta fi ka iya ciniki." Ban ɗaga kai ba, na ci gaba da yanka albasa.

Farantan tangaran ba a kwance su daga tsummansu ba. A murfin kula da faranti ɗaya na silba muka ci, manya a gefe, yara a gefe, da hannu. Ba a bar ƙwayar shinkafa ba.

Batun ruwa da yara, nan ban yi wasa ba, kuma ina roƙon duk mai zuwa kada ya yi. Yaranmu na zango ba su iya iyo ba, ba inda za su koya, ga ruwan a kwance lumui kamar ba zai cuci kowa ba. Tun a mota na kafa doka: ruwa ba ya wuce gwiwa, kuma ba mai shiga sai babba yana tsaye a cikin ruwan, ba a kan tabarma yana kallo ba. Ƙanin maigida ya naɗe wando ya tsaya musu kamar soja. Duk da haka, ina juya baya in ɗaura igiya, Auta ya bi wata roba da iska ta ja, ruwa ya kai masa ƙirji kafin a cafko rigarsa. Daƙiƙa nawa ne? Ban sani ba, na dai ji ƙafafuna sun mutu. Da yara maza suka nace sai sun shiga jirgi, maigida ya je ya ƙirga rigunan kariya da kansa, ya ce wanda bai samu daidai jikinsa ba ba ya shiga. Uku suka samu. Sauran suka yi fushi na minti biyar suka koma wasan yashi. Kayan canji kuwa duk miya ne, don haka a jikinsu kayan suka bushe, igiyar da zannuwa suka yi wa 'yan mata amfani.

Shi maigida, jikinsa ne kawai ya zo. Akwai motarsu da ta tsaya a iyaka, waya tana shiga tana katsewa, yana ta yawo yana ɗaga ta sama yana neman sabis. Albasa ba ta jira, kwana biyu na ƙari a cikin zafi da laima sai ka buɗe buhu ka tarar da ruwa. Ban ga laifinsa ba. Amma wajen la'asar na gan shi ya cusa wayar a aljihu, ya ɗauki Auta a wuya ya shiga ruwa har gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da aka haifi yaron.

Hadari ya taso ta bayan tuddai ba sallama, yadda yake yi a nan. Kafin mu tattara ruwa ya sauko. Aka ɗaure kusurwa biyu na tamfol da igiyar shanya, maza suka riƙe sauran biyun, mu goma sha uku muka cusu a ƙasa. Hajiya ta zaro littafin daga ƙarƙashin duwatsu tun ɗigon farko, ta sa shi cikin mayafinta. Ta raba dabino, ta fasa goro ta miƙo mini rabi. Murhun gas ɗin da na sha wahalar ɗaukowa, da za a ce ga lokacin shayi, ashana ta jiƙe.

Mun iso gida bayan isha, kowa a gajiye, ni da wankin sallaya huɗu a gabana. Biyu sun fita da ruwan zafi da omo. Biyu har yau da tabon.

Ba a sake tayar da maganar ba sai ana jibi za ta tafi. Ina ɗaure mata tsaraba a ɗakinta, ta ce, "Ɗiyata, jarabawar ga yaushe ta?" Na ce baɗi war haka, Hajiya. Ta daɗe tana murza goro a hannu. Ta ce, "To, ta yi ta. Amma hutun ga mai zuwa ubanta shi kawo min ita, ta yi wata guda ta gyara bakinta. Ba a ce mini ya zo ina da rai." Na ce to. Abin da zai biyo bayan jarrabawar, ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, na san dai maganar ba ta mutu ba.

Jakar da maigida ya tura ƙarƙashin gado, Hajiya ce ta tafi da ita, cike da goro da sabulun salo da turmi biyu daga teburina. Kayan da na riga na fara tara wa yarinyar a cikinta a ɓoye, 'yan kamfai da man shafawa da sabon hijabi, na kwashe na mayar cikin akwatina. Zan sayi wata jakar kafin hutu, ƙarama, ta wata ɗaya.